Kafin Ka Sayi Fitilar Tankin Kifinka

A sana'ata ta haɗa tankunan kifin ado masu tsirrai, ƙorafin da na fi ji shi ne: "Malam, ruwan ya koma kore," ko kuma "ganyen sai ruɓewa yake yi." Galibi idan na je dubawa, fitila ce ta jawo. Ko dai hasken ya yi wa tsiron kaɗan, ko kuma ya fi ƙarfinsa, gansakuka ta cinye rarar.

Don haka fara sanin irin tsiron da ka shuka, sannan ka nufi kasuwa. Anubias, wanda asalinsa ma daga rafukan dazuzzukan Afirka yake, har da kudancin Najeriya da Kamaru, a inuwa ya saba rayuwa. Shi da Cryptocoryne, lumen (ma'aunin yawan haske) 10 zuwa 20 a kowace lita ta ruwa ya wadatar da su. Wato tanki mai lita 60 ba ya buƙatar fiye da lumen 1,200. Tsirrai masu jan ganye da masu shimfiɗuwa a ƙasa kamar darduma su ne ke son lumen 40 zuwa sama. Amma fa haske mai ƙarfi yana tafiya ne da taki da ƙarin iskar CO2. In ba ka da halin waɗannan, ka tsaya a matsakaici, ka huta.

Duba kwalin fitilar da kyau. Nemi farin haske mai kusan Kelvin (ma'aunin launin haske) 6,500, irin na tsakar rana. Shuɗiyar fitilar nan mai ɗaukar ido ta tankin ruwan teku ce, ta murjani. Kada kuma yawan wat ya ruɗe ka, domin wat wutar da fitila ke ci yake nunawa. LED ta fi dogon ƙwan lantarki ƙarancin cin wuta da zafi, wanda ba ƙaramin abu ba ne gare mu a watannin Maris da Afrilu. In tankin ya yi zurfi, haske kan raunana kafin ya kai ƙasa, sai a yi la'akari da hakan.

Sai batun lokaci. Awa 6 a kullum ga sabon tanki, a riƙa ƙarawa a hankali har zuwa 8. In an ɗauke wuta da rana, kada ka ce za ka rama da barin fitila ta kwana a kunne; kifi ma yana buƙatar duhu. Gara ka jona ta da sola ko batir, ka sa mata na'urar saita lokaci mai batiri a ciki, domin irin mai juyawa, wadda ba ta da batiri, takan tsaya cak da zarar an ɗauke wuta.

Kuma don Allah a nisanta tanki daga taga. Ranarmu tana dumama ruwa, ta kuma hayayyafa gansakuka cikin 'yan kwanaki.

In ka ga kore ya fara bin gilashi, rage awa ɗaya, ka canza wani ɓangare na ruwan, ka ba tankin mako biyu kafin ka sake kashe kuɗi.