Ƙyallin Gyaɗa a Ruwan Kanwa: Darasi Daga Ɗakin Gwaje-gwaje

Duk wanda ya bi hanyar Bichi ko ta Ɗambatta da kaka zai ga gyaɗa a shanye kusan a kowace ƙofar gida, domin ƙasa ce mai yawan jama'a wadda da wuya ka ga gona ta kwana saura. Abin da za mu duba a wannan 'yar maƙala shi ne yadda masana kimiyya ke amfani da haske su gane abin da ke cikin wannan gyaɗa, da kuma yadda ruwa mai kanwa yake iya ruɗin mai awo.

Akwai abubuwan da idan an haska su da wani haske sai su sha shi, nan take su mayar da wani mai launi dabam. Wannan mayarwa ita muke kira ƙyalli a nan. Baturen Birtaniya George Stokes ne ya yi bayaninta a 1852. Mai karatu ya taɓa ganinta a fitilar da ake duba takardar kuɗi da ita a banki.

Kusan rubu'in nauyin ƙwayar gyaɗa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, kuma shi ne ke saura cikin tunkuza bayan an matse mai. Furotin yana ƙyalli saboda wani ɓangarensa da ake kira tiriftofan. Ana haska shi da haske mai zangon nanomita 280, sai ya mayar da na wajen 330 in yana naɗe, ko kuma wajen 350 in ya warware. Ido ba ya ganin wannan, sai na'ura. To, idan aka zuba furotin a ruwan da ya yi ƙarfin kanwa sosai, naɗin nan yakan saki sannu a hankali. Saboda haka awo ɗaya bai isa ba. Sai a riƙa karanta na'ura bayan kowane minti biyar ko goma, a tsare zafin ruwan kada ya canja, a kuma ajiye wata kwalba da ba a sa mata kanwa ba domin kwatanci, tun da yake hasken fitilar kansa yakan dusar da ƙyalli in an daɗe ana haskawa.

Amma ƙyallin da ya fi shafar manomi ba na furotin ba ne. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Bincike ya gano guba ce da wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ke haifarwa, aka raɗa mata suna afulatoksin. Kano tana ganiyar dalar gyaɗa a lokacin, don haka masana a Samaru ta Zariya suka duƙufa kan al'amarin a shekarun 1960. Gubar tana lalata hanta, tana kuma jawo sankara. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 ta hanyar masara. Fari a ƙarshen damina, wanda ba baƙo ba ne a arewacin Kano, yana buɗe wa fumfunar ƙofa tun gyaɗa na cikin ƙasa.

Ita wannan guba da ido ake ganin ƙyallinta a ƙarƙashin fitila mai zangon nanomita 365: wata shuɗiya, wata koriya. A nan ne ruɗin yake. In aka jiƙa ta a ruwa mai ƙarfin kanwa, wani zobe da ke cikin ginin sinadarinta yakan buɗe, ƙyallin ya yi ta raguwa. Ɗalibi mai gaggawa sai ya rubuta cewa guba ta mutu. Ina! Zuba tsami a wannan ruwa, zoben zai iya sake rufewa, ƙyalli ya dawo. An ga haka a masarar da mutanen Meziko ke dafawa da farar ƙasa: sashen gubar da awo ya nuna ta ɓace yakan sake bayyana in an sa tsami. Cikin ɗan Adam kuwa tsami ne da shi mai ƙarfi. Ke nan ba daidai ba ne a ɗauka kanwar da ake jefawa a tukunya tana wanke ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Abin da ke karya zoben har abada shi ne amoniya tare da zafi da matsi, kamar yadda aka yi wa tunkuzar dabbobi a masana'antun Senigal.

Don haka mai awo na ƙwarai ba ya rufe littafinsa sa'ad da ƙyalli ya dushe. Sai ya mayar da ruwan mai tsami, ya jira, ya sake aunawa, sa'an nan ya gwama da adadin farko. Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa karɓar gyaɗar ci da gubarta ta haura maikirogiram 4 a kilo guda, kuma da wannan ma'auni ake yi wa buhun da ya fito daga kasuwar Dawanau hukunci in can ya nufa.