Dogon direba da kujerar mota

Ƴan uwa masu karatu, darasinmu na yau ya shafi direbobi, musamman dogaye da masu jiki. Direbobi ne ke kai albasar Galmi da ayar Maraɗi da waken Damagaram kasuwa. Daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar ta kusa kilomita 900. Wanda ya yi ta a takure, gwiwarsa na gugar sitiyari, zai sauka da ciwon baya da kumburin ƙafa. Akwai abin da ya fi haka muni. Ƙafar da ke takure ba ta saurin barin totur ta taka birki.

Yaya za mu sami wurin miƙe ƙafa?

1. Mu duba ƙarƙashin kujera. Kujera tana tafiya gaba da baya bisa dogayen ƙarafa biyu. Rairayi da tsatsa da tarkace sukan toshe su. Mu share su, mu shafa ɗan mai. Sau da yawa sai kujera ta ƙara ja baya.

2. Mu kwashe kayan da ke bayan kujera. A motar a-kori-kura, nan ake cusa jak da igiya da galan. Su ne ke cinye wurin.

3. Idan kujerar tana sauka ƙasa, mu sauke ta. Idan sitiyarin yana ɗaguwa, mu ɗaga shi. Gwiwa za ta sami sarari.

4. Kada mu raba kujerar direba da fasinja. Kuɗin mutum ɗaya bai kai ran mutanen da ke cikin mota ba.

Yaya za mu gane zama ya yi daidai?

Mota tana tsaye, mu zauna, mu manna baya da kujera. Mu taka kuloci har ƙasa. Ya kamata gwiwa ta ɗan lanƙwashe. Idan ƙafa ta miƙe sambal, mun yi nisa da yawa, birki ba zai taku da ƙarfi ba. Sannan mu miƙa hannu. Wuyan hannu ya hau saman sitiyari, kafaɗa ba ta rabu da kujera ba. Tsakanin ƙirji da sitiyari a bar aƙalla santimita 25, musamman a motar da ke da jakar iska. Kada mu kwantar da majinginar kujera sosai don neman wuri. Mai tuƙi a kishingiɗe yana iya sulluɓewa ta ƙarƙashin bel, wato ɗamarar kujera, idan an yi karo.

Abin da za mu guje wa

Wasu sukan kai mota wurin mai walda, a yanke ƙafafun kujera a mayar da ita baya. Wannan ganganci ne. A motoci da yawa, makullin bel yana jikin kujerar. Idan walda ta ɓalle ranar haɗari, kujera da direba tare za su tafi. Haka ma tokare kujera da katako ko dutse. Idan duk mun gwada wuri bai samu ba, motar ce ta yi mana kaɗan. Dogon mutum ya zauna ya gwada mota kafin ya saya, ko kafin ya karɓi aikin tuƙa ta.

A kan hanya, mu tsaya bayan kowane awa 2. Mu sauka, mu taka ƙasa kamar minti 15, mu sha ruwa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, tana ciwo, ta yi zafi, mu je asibiti a ranar. Wataƙila jini ne ya daskare a jijiya. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke hana kujera ja baya?
2. Don me ba a son a yi wa kujera walda?
3. Bayan awa nawa direba zai huta?

Mu karanta wa direban garinmu wannan darasi.