Masu Ɗaukar Hoto, Mu Daina Yi Wa Dajin Kamuku Aron Namun Dawa

Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci suka fara bin hanyar Kaduna ta Buruku ba tare da fargaba irin ta da ba, matasa da yawa suke tambayata yadda za su shiga dajin Kamuku su ɗauko hotuna. Abin ya yi mini daɗi. Ɗaukar hoto sana'ata ce, kuma na daɗe ina jin takaicin yadda sunan wannan daji ba ya fitowa a jarida sai tare da 'yan bindiga. Amma akwai abin da ya fara yawo a Facebook da WhatsApp wanda ya sa dole in yi magana kafin ya zama jiki.

Hotuna ne masu kyan gaske, an rubuta a ƙasansu wai dajin Birnin Gwari. Garken jakunan dawa masu zane suna shan ruwa. Raƙumin dawa ya miƙa wuya, bayansa ga wani tsauni mai farin kai. Jama'a, Najeriya ba ta da jakin dawa mai zane a dajinta, na gabashi da kudancin Afirka ne. Raƙuman dawan da suka rage na irin namu na Yammacin Afirka a Nijar suke, musamman yankin Kure kusa da Yamai. Wancan tsaunin kuwa Kilimanjaro ne na Tanzaniya. Wasu hotunan ma ba na ko'ina ba ne, manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta zana su: ka ƙura ido sai ka ga inuwar dabba ta nufi gabas, ta itace ta nufi yamma.

Masu yaɗawa ba mugunta suke nufi ba, kishin gida ne. Sai dai ga ɓarnar. Wanda ya ga garke ya cika hoto zai ɗauka daji lafiya lau yake, babu abin da ake buƙatar yi. Wanda kuma ya gane ƙarya ce, gobe ko hoton gaske ka kawo masa ba zai yarda ba.

Alhali Kamuku yana da nasa. An keɓe shi tun 1936 a matsayin gandun daji na En'e ta Birnin Gwari, daga baya ya koma hannun jiha, sannan a watan Mayun 1999 aka ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Daji ne na doka da maje da baushe da taura da ƙirya da ɗorawa. Binciken da aka yi a shekarun baya ya lissafa giwa, gwanki, kanki, mazo, gada, mugun dawa, gwaggon biri da jan biri, da nau'in tsuntsaye 177, cikinsu har da burtu da tuje. Wannan lissafin na kafin rikici ne. Bayan shekarun nan na bindiga, da saran katako, da ƙona gawayi, da haƙar zinare a kewayen yankin, duk wanda zai ce ga abin da ya rage dole ya kawo shaida. Mu ne za mu iya kawo ta, in mun riƙe gaskiya.

Ƙasar yawancinta shimfiɗaɗɗiya ce, tana ɗan hawa ta wajen gabas, don haka duwatsun da ke cikinta suke fitowa fili. Akwai Goron Dutse, falale guda sumul da ya tashi shi kaɗai. Akwai magangarar Dogon Ruwa. Ni dai wanda na fi so shi ne Tsaunin Rema, manyan duwatsu ne a ɗore kan juna, ramukan tsakaninsu cike da remaye.

Rema ba ya son gaggawa. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi sosai, shi ya sa da hantsi yake fitowa ya baje a kan dutse yana shan rana. Kafin ka gan shi za ka ga alamarsa: farin zane da ya gangaro a jikin dutse, busasshen fitsarinsu ne, domin wuri guda suke ba-haya shekara da shekaru. In ka ga wannan, ka nemi inuwa ka zauna, rana a bayanka, iska tana busowa daga wajensu zuwa gare ka. Za ka lura da wani babba da ya hau can sama bai kwanta ba. Shi ne mai gadi. Ka motsa da ƙarfi, ya yi ƙara guda, dutsen ya koma kamar ba a taɓa halittar komai a kansa ba. Ka yi haƙuri, kada ka dube shi kai tsaye, ka ɗaga kyamara a hankali, za su saba da kai har 'ya'yan su fito su riƙa hawa bayan uwayensu. Masana sun ce wannan ɗan abin da bai fi zomo da yawa ba dangin giwa ne, kuma in ka samu hoton bakinsa kusa za ka ga 'yan haƙoran sama guda biyu masu tsini.

Burtu kuwa a ƙasa yake yini, yana taku yana tsintar ƙwari da ƙadangaru, yawanci biyu-biyu. In ka ɗauke shi, ka tabbata wuyan ya fito: namiji yana da ja a maƙoshi, na mace shuɗi ne zalla. Hoton da ya nuna mace da namiji tare da ɗan da suka ƙyanƙyashe ya fi hoton faɗuwar rana ɗari amfani, don yana nuna tsuntsun na haihuwa a wurin.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Da hunturu hazo yana shafe duwatsu, ƙura kuma tana shiga kyamara duk sanda ka sauya gilashi, amma ciyawa ta ƙone, ana hango dabba daga nesa. Bayan ruwan farko sama tana wankewa, dutse ya fito da launinsa. Tsakiyar damina ciyawa ta fi ƙarfinka.

Yanzu ga inda amanar take. Hoton da ba shi da kwanan wata ado ne kawai. Ka gyara kwanan wata a kyamararka kafin ka fita, ka ajiye asalin hoton a kwamfuta ko a kati, domin wanda ka tura ta WhatsApp a matse yake, kuma bayanan ranar da aka ɗauke shi sun goge. Ka rubuta wata, shekara da irin wurin a littafi. Amma ainihin inda ka ga gwanki ko sawun giwa, wannan ba na Facebook ba ne. Mafarauta ma suna da waya. Ka kai wa hukumar gandun, a fili kuma ka ce Kamuku kawai, ya isa. Kada ka sa yara su koro maka dabba, kada ka kunna wa ciyawa wuta don fili ya buɗe, kada ka biya wani ya kamo maka ɗan biri ya ɗaure a reshe. Duk ranar da ka biya, ka buɗe kasuwa.

Sannan ka tuna wane daji ne wannan. Sulhu ba ya nufin kowa ya ɗauki jaka ya kutsa. Kyamara mai dogon baki, daga nesa, ba ta da maraba da bindiga. Baƙon da yake ɗaukar hoton hanya da mashigar rafi kuwa nan da nan za a ce infoma ne, kuma ba kai kaɗai abin zai shafa ba, har mai babur ɗin da ya kai ka da ƙauyen da ya ba ka ruwa, su da za su kwana a can bayan ka koma Kaduna. Jirgin hoto marar matuƙi, ka bar shi a gida. Ka fara da ofishin gandun a garin Birnin Gwari, ka nemi izini, ka gaida mai gari, ka shiga tare da ma'aikatan daji. In sun ce yau ba a shiga, magana ta ƙare. Kada ka ɗauki fuskar manomi ko makiyayi sai da yardarsa. Wasu duwatsun ma wurare ne masu alfarma a wajen Kamukawa da Gwarawa, a tambaya kafin a hau.

Roƙona na ƙarshe ga mutanen Birnin Gwari ne, musamman tsofaffin ma'aikatan gandu, da malaman makaranta da suka taɓa kai ɗalibai yawon buɗe ido, da masu shagon hoto. Ku duba akwatunanku. Duk wani tsohon hoton dajin nan, ko ya koɗe, ku rubuta shekarar da wurin a bayansa tun masu tunawa suna raye, ku sa a kwafe shi a kwamfuta, ku ba hukumar gandun kwafi. Wanda kuma aka turo masa hoton jakin dawa da sunan Birnin Gwari, don Allah ya tsaya a wayarsa, kada ya tura gaba.