Kafin Ki Zuƙi Allurar, 'Yata

'Yata, tunda Allah ya nufa kin karɓi takardar aiki, kuma na ji ɗakin yara za a fara kai ki, bari in yi miki magana a kan abin da ɗalibai suka fi rainawa a makaranta, alhali shi hannunki zai riƙa yi kullum har ranar da za ki ajiye aiki. Lissafin magani nake nufi. Likita zai rubuta miligiram a kati ya wuce gado na gaba. Ke za ki mayar da wannan miligiram ɗin mil kaza a sirinji, ko ɗigo kaza a minti. Daga biron likita zuwa jijiyar yaro babu wani mai tsaro sai ke.

Ƙa'idar kin haddace ta: abin da aka rubuta, a raba shi da abin da ke cikin kwalba, a ninka da yawan ruwan kwalbar. Ba wannan nake jiye miki ba. Sabo nake jiye miki. Bayan wata shida hannunki zai fara riga idonki, ki ɗauki kwalba ki fasa ba ki karanta jikinta ba, don jiya ma irinta kika fasa.

Ɗauki jentamaisin. Jariri mai kilo 3, an rubuta miligiram 5 a kowane kilo, ya zama 15. Akwai kwalbar da ke ɗauke da miligiram 80 a mil 2, wato 40 a kowane mil. Akwai ta yara mai miligiram 20 a mil 2, wato 10 a kowane mil. In ta yara ce a hannunki, mil 1.5 za ki zuƙa. In ta manya ce, bai ma kai mil 0.4 ba. To a ce makon jiya ta yara aka kawo daga sito, kin saba da mil ɗaya da rabi, yau kuma aka kawo ta manya. Kin zuƙa yadda kika saba. Jaririn nan ya sha ninki huɗu, kuma ba zai yi kukan da zai tona asirin kuskuren ba, domin ɓarnar wannan magani a ƙoda da kunne take, a ɓoye. Wataƙila sai ya shekara biyu uwa ta lura ana kiransa ba ya waiwayowa.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ke da wannan rauni saboda ƙarancin kayan aiki. A shekarar 2007, a wani babban asibiti da ke birnin Los Anjalis na Amurka, an bai wa jarirai hefarin, maganin hana jini daskarewa, mai awo 10,000 a kowane mil maimakon mai awo 10. Cikinsu har da tagwayen ɗan wasan fim Dennis Quaid, waɗanda Allah ya yi da sauran kwanansu. Kwalaben biyu sun yi kama da juna, aka ɗauka ba a karanta ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangami kan kuskuren ba da magani, inda ta ƙiyasta cewa yana cin dala biliyan 42 kowace shekara.

Don haka ki karanta kwalba lokacin ɗaukarta, ki sake karantawa lokacin zuƙa, ki kuma dube ta kafin ki jefar. Kafin ki taɓa kalkuleta kuma, ki yi kintace da ka. In kwalba tana da 40 a mil ke kuma 15 kike nema, kin riga kin san amsar ba za ta kai rabin mil ba. Idan waya ta nuna miki 3.75, kintacenki ne zai ce tsaya. Duk sanda lissafi ya ce ki fasa kwalba biyar don yaro guda, ko ki cika babban sirinji don jariri, ajiye ki sake daga farko, ki kira abokiyar aiki ta yi nata lissafin. Kada ki faɗa mata amsarki tukuna. In kika ce, "Sista, mil uku ne ko?" gajiya za ta sa ta gyaɗa kai. Ki miƙa mata kati da kwalbar kawai.

Nauyi kuma a sikeli ake samunsa. Shekarun da uwa ta faɗa ba nauyi ba ne, musamman a yankinmu da tamowa ta yi yawa, inda ɗan shekara uku zai iya zama da nauyin ɗan shekara ɗaya. Damina na zuwa ɗakin zai cika da masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, atisunet kuwa da kilo ake ba da shi: miligiram 3 a kilo ga wanda bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai. Kwalba mai miligiram 60 ana narkar da ita da mil 1 na ruwan da ke zuwa tare da ita. In ta jijiya za a ba da, a ƙara mil 5 na ruwan gishiri, kowane mil ya zama yana da 10. In ta tsoka ce, mil 2 ake ƙarawa, kowane mil ya zama 20. Yaro mai kilo 10 yana buƙatar 30: mil 3 a haɗin jijiya, mil 1.5 a haɗin tsoka. Magani ɗaya, kwalba ɗaya, amsa biyu. Shi ya sa ba na son ki yi allura da haɗin da ba ki ga yadda aka yi shi ba.

Rubutu ma ki kula da shi. Rabin miligiram 0.5 ake rubutawa, da sifili a gaba, don kada idon mai dutin dare ya karanta 5. Biyar kuma 5 ce kawai, ba 5.0 ba. In rubutun likita bai fito ba, ki neme shi ko da ƙarfe biyun dare ne. Zai iya ɓata rai. Ɓacin ransa zai wuce kafin asuba. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ƙarin ruwa, wanda a nan na fi son ki nutsu. Yawancin asibitocinmu ba su da injin da ke auna gudun ruwa, sai 'yar tayar nan da ake murzawa da yatsa, da agogonki. Robar ƙarin ruwa ba iri ɗaya ba ce, kuma a jikin ledarta ake rubuta ɗigo nawa ke yin mil guda. Wadda aka fi amfani da ita ɗigo 20 ce, ta jini sau da yawa 15, ta yara mai gwangwanin awo kuma 60. Ki duba kafin ki yage ledar ki jefar. Lita 1 a awa 8 shi ne mil 125 a awa. A roba mai 20, ki ninka da 20 ki raba da minti 60, zai ba ki kusan ɗigo 42 a minti. Hanya mafi sauƙi: a mai 20 raba mil na awa da uku, a mai 15 raba da huɗu, a mai 60 kuwa mil na awa shi ne ɗigon minti.

Ga inda ake yin asara. Yaro mai kilo 8 da ba ya iya sha, an rubuta masa mil 32 a awa. A robar yara ɗigo 32 ne. Robar yara ta ƙare, uba ya sayo ta manya a kemis, aka ɗaura, aka saita a 32 ɗin nan dai. Yanzu mil 96 ke shiga jikinsa kowace awa. Kafin gari ya waye fuska ta kumbura, numfashi ya yi sauri, ruwa ya taru a huhu, sai a ce ciwon ne ya yi tsanani. Ɗigo 11 ya kamata a saita. Shekaru da dama an ɗauka cewa zuba wa yaro mai zazzaɓi ruwa da sauri taimako ne, har aka yi babban bincike a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna yaran da aka yi wa hakan sun fi mutuwa. Mai amai da gudawa da ruwan jikinsa ya ƙare lamarinsa daban, shi gudu ake so. Mai tamowa kuma zuciyarsa ba ta ɗaukar nauyi. Ledar ruwan iri ɗaya ce, sanin wa ke kwance ne ya bambanta.

Saita ɗigo ba shi ne ƙarshen aiki ba. Majinyaci ya lanƙwasa hannu, ruwa ya tsaya. Ya miƙe, ya kwarara. Ki manna filasta a jikin ledar ki rubuta lokacin da aka fara, da inda ya kamata ruwa ya kai bayan awa biyu, ki riƙa komawa da agogo kina ƙirgawa minti cikakke. In kin tarar ruwa ya yi jinkiri, don Allah kada ki buɗe shi don ya cimma lokaci kafin a karɓe ki. Na sha ganin ana haka don kati ya yi kyau a idon mai zuwa. Ki rubuta gaskiyar abin da ya shiga, ki sanar. Ruwan da aka zuba wa fotasiyam ko kwinin ma, sakinsa da gudu yana iya tsayar da zuciya.

Su ma masu jinya ki yi musu bayani da lalama. Mutanenmu suna ganin ƙarin ruwa ƙarin ƙarfi ne, kuma kaka da ta ga leda na ɗiga a hankali tana iya murza tayar da kyakkyawar niyya. Ki durƙusa ki ce, "Inna, wannan ruwan da awo yake tafiya, in ya yi sauri zai shaƙe shi. In kin ga ya tsaya ko hannun ya kumbura, ki kira ni." Ta zama mai taya ki gadi.

Wata rana za a mayar da ke ɗakin haihuwa, a kawo mai jijjiga. Maganisiyam salfet ne maganinta, bisa tsarin da Dakta Jack Pritchard ya shimfiɗa a Dalas tun wajen 1955: giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɓangare na mazaunai, sannan giram 5 duk bayan awa 4. Kwalbar tana zuwa da alamar kashi 50 cikin 100, ma'ana giram 50 a mil 100, rabin giram ke nan a kowane mil. Giram 4 ya zama mil 8, amma ba a tura shi jijiya da kaurinsa, sai an ƙara mil 12 na ruwan allura ya zama mil 20. Nas da yawa suna tsoron maganin nan har su yi ta jan ƙafa, mace kuwa tana jijjiga a gabansu. Ki koyi haɗin tun yanzu da hankalinki ke kwance, ki rubuta a ɗan kati ki sa a aljihun rigarki. Kafin kowace allura ta gaba ki ƙirga numfashinta, kada ya gaza 16 a minti, ki buga gwiwa ki ga ta amsa, ki duba fitsari ya kai mil 30 a awa. In ɗaya ya gaza, ki dakata ki kira likita. Kuma tun kina karɓar duti, ki buɗe akwati da hannunki ki tabbatar kalsiyam gulukonet, makarin maganin, yana nan kuma kwanan watansa bai wuce ba.