Daga Gurbin Bore Zuwa Kudu: Me Matafiyi Zai Ci, Ina Zai Sauka?

Wanda ya tashi daga Gurbin Bore zai yi doguwar tafiya, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya yi gabas ta Jibiya ya faɗa Katsina, ko ya bi ta Zurmi da Ƙauran Namoda ya shiga Gusau, inda manyan motoci suke lodi. Daga nan sai Tsafe, Funtuwa, Zariya, Kaduna. Mai zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ke jiransa, ko ta Makwa da gadar Jebba da Ilori, ko ta Lakwaja da Okene. A duk tsawon nan, akwai abin da ba ya hannun fasinja: inda mota za ta tsaya, da daɗewar da za ta yi. Wannan hukuncin direba ne, kuma sau da yawa ya daɗe da yanke shi, don kusan kowane direba yana da mai abincinsa, wadda ke cika masa kwano kyauta saboda fasinjojin da yake sauke mata.

Daga nan matsalar take farawa. Mutum ya fito da asuba bai karya ba, rana ta take, mota ta ci birki, direba ya ce, “A sauka a yi sallah, a ci abinci.” Yunwa ba ta bari a yi zaɓe, abin da ido ya fara gani shi ake saye. Bayan awa biyu ko uku sai ciki ya soma murɗawa, a daidai dajin da ba direban da zai yarda ya tsaya. A da, in ciki ya matsa, sai a roƙi direba ya raɓe gefen titi. Yanzu da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, kowa ƙoƙari yake ya wuce wuraren da ake tsoro tun rana na sama. Ɓacin ciki a hanya ya tashi daga abin kunya ya koma abin da ke iya jefa mota guda cikin haɗari.

Abincin tasha ba don na tasha ba ne yake cutarwa. Zama ne ke lalata shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da ɗuminsa ke tsakanin digiri 5 da digiri 60, shi ya sa take gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin firji ba. To, shinkafar da aka sauke da hantsi, aka zuba a kula, ana buɗewa ana rufewa har la'asar, ta yi awanni cikin wannan ɗumin. Shinkafa kuwa tana da nata sharrin na daban: akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe ta, in shinkafar ta huce sai ta farka ta zuba dafi, kuma ɗumame ba ya karya dafin. Wanda ya ci, amai kan taso masa cikin awa ɗaya zuwa shida, wato tun bai sauka daga motar ba.

Babbar barazana ita ce amai da gudawa. A 2021 cutar kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Mutanen Shinkafi da Zurmi ba sai an ba su labari ba, sun ga yadda ƙungiyar likitoci ta MSF ke karɓar masu wannan cuta a yankinsu. Ta ruwa da abincin da ƙazanta ta taɓa take shiga, ta fi yawa da damina, kuma tana iya bayyana tun daga awa 12 har kwana 5 bayan an kwashe ta.

Maganin farko tsoho ne: guzuri. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, madugu ne mai cewa ga inda ayari zai yada zango, amma kowa da abin da ya ƙulle a kayansa. Haka waɗanda suka riƙa shiga jirgin ƙasa tun da dogo ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya a 1929. Abin da suka gane shi ne busasshen abu ba ya cin amana. Kilishi, dambun naman da aka soya ya bushe ƙarau, ƙuli-ƙuli, dakuwa, soyayyar gyaɗa, dabino, garin kwaki da sukari, duk suna jure zafin mota, saboda ƙwayar cuta ba ta sakewa inda babu danshi. A haɗa da burodi da lemo ko ayaba, waɗanda mutum zai ɓare da hannunsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mai guzuri a jaka yana iya duban tukunyar tasha, in ba ta kwanta masa ba ya wuce abinsa.

Sai dai ba kowane abin gida ne guzuri ba. Dafa-dukar da uwargida ta ƙulle a leda da asuba, ko alale, ko dafaffen ƙwai, a ci su da hantsi, kada su kai azahar. Dama furar gida da nono a zuba a gora, a ajiye a ƙarƙashin kujera kusa da inji, wannan neman magana ne. In ana son fura, a tafi da ita a dunƙule, a dama lokacin sha da ruwan da aka amince da shi.

Idan an sauka a zango, ido ya fi hanci amfani. A nemi abin da aka dafa ko aka soya a gaban mai saye: ƙosai ko awara daga cikin mai, waina daga tanda, ƙwai da taliya a teburin mai shayi, tsiren da aka mayar kan garwashi har ya yi zafi ciki da waje. Shayi kansa yana cikin abubuwan da suka fi aminci, tun da ruwansa tafasasshe ne. Abin lura shi ne kofin, da bokitin da ake tsoma shi tun safe ba a sauya ruwa ba. Wajen mai tuwo ko mai shinkafa, ba laifi ba ne mutum ya ce, “Hajiya, don Allah a ɗebo mini daga ta kan wuta.” In tururi na tashi, madalla. In miya ta kwanta, mai ya taru a sama, a haƙura. Rumfar da ke cike da direbobin tirela alama ce mai kyau, ba don sun fi kowa sanin tsafta ba, sai don tukunyar da ake rububi ba ta samun damar hucewa.

Abubuwan da suka fi yaudara su ne masu sanyi da ɗanye. Yankakkiyar kankana da abarba a faranti, kwaɗon latas da kabeji, ɗanyar albasa da tumatir da ake barbaɗa wa tsire, zoɓo da kunun aya a tsofaffin robobin da ba a san inda aka tsinto su ba, da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Cikin zafin watan Afrilu su ne rai ya fi so, su ne kuma wuta ba ta taɓa ba.

Ruwa kuwa, a sayi na leda ko na roba mai lambar NAFDAC, a duba ba a huda ba, a goge bakin ledar kafin a kai baki, don ta kwana cikin ruwan ƙanƙara, ta bi hannuwa da yawa. Akwai wata al'ada da mata suka fi yi: ƙin shan ruwa tun daga gida don gudun fitsari a hanya. Dalilinsu a fili yake, banɗakin tashoshi da yawa ba ya shiguwa. Amma yini guda cikin zafi babu ruwa yana kawo ciwon kai da jiri, ga mai juna biyu da mai shayarwa kuwa abin ya fi haka. Dabarar ita ce a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, a sha sosai in an kusa zango, a kuma tafi da buta da guntun sabulu na kai.

Sabulun nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu kuɗin duniya ma ba su tsira daga buƙatarsa ba. Daga Mayami ta Amurka, manyan jiragen ruwa na shaƙatawa suna ɗaukar dubban mutane su zaga tsibiran Karibiyan, yau Bahamas, gobe Jamaika, jibi Kozumel ta Meziko. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600, da gidajen abinci iri-iri, wasu kuɗinsu na cikin tikiti, wasu sai an ƙara biya, mai son abinci na musamman kuma tun kafin ranar tashi yake sanar da kamfani. Tun 1975 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke binciken tsaftar waɗannan jirage, ba tare da sanarwa ba, jirgin da bai kai maki 86 cikin 100 ba ya faɗi. Duk da haka cutar amai da zawo takan ɓarke a cikinsu, musamman ta wurin cin abincin da kowa ke ɗiba da ludayi ɗaya. Shawarar da likitoci ke ba waɗannan fasinjoji ita ce wadda ta dace da mai cin tuwo a Funtuwa: wanke hannu da ruwa da sabulu, domin man goge hannu na kwalba ba ya kashe ƙwayar wannan cutar yadda ya kamata. Ruwan kwano ɗaya da mutum goma suka tsoma hannu a ciki ba wanki ba ne.

Jiragen nan suna da wata doka da ta shafi lokaci. In sun tsaya a tashar ruwa, ana rubuta sa'ar da kowa zai dawo, wanda ya makara a yawon kansa sai ya tarar jirgi ya yi nisa, ya nemi hanyar cim masa da kuɗin aljihunsa. Direbobinmu sun fi haka sauƙin kai, sukan yi ta danna ham, amma an sha barin fasinja a manyan zanguna irin su Tafa da Lakwaja, inda motoci masu kama ɗaya suke jere. Kafin a sauka a tambaya, “Malam direba, minti nawa za mu yi?” A haddace lambar mota, a karɓi lambar wayar direba ko ta yaron mota, a gaya wa na kusa inda aka nufa. A fara da banɗaki da sallah, abinci ya zo daga baya, don shi ana iya ƙullewa a shiga da shi mota. Addini ma ya sauƙaƙa: a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80, ana yi mata ƙasaru, akwai kuma damar haɗa azahar da la'asar, wanda bai san hukuncin ba ya tambayi malaminsa tun a gida. Kuɗin ci da sha a ware su a aljihu daban, 'yan canji, kada a zaro damin kuɗin fatauci a gaban jama'a. Kada kuma a dogara kacokan ga masu POS. Mutanen Zamfara sun tuna Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya.

Ɗan Bahaushe ba ya cin abu bai ce wa na kusa bismilla ba, wannan ɗabi'a ce mai kyau. Amma a motar haya, in baƙon fuska ya miƙo lemon kwalba a buɗe ko wani abin sha, “Alhamdu lillahi, na ƙoshi” ta wadatar, ba wanda zai ji haushi. Ɓarayi sun daɗe da sanin amfanin maganin barci. Wanda ke gidan gaba kuma ya sa ido a kan direba: in ya nannaɗi sakwara ko tuwo mai nauyi da tsakar rana, gyangyaɗi na tafe, in kuma aka ga yana kora ƙwaya da sunan ƙarin ƙarfi, fasinjoji su yi magana da murya ɗaya. Lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.

In duk da haka gudawa ta kama mutum, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Kowane matafiyi ya kamata ya sa 'yan ƙullin garin ORS a jaka, kowane kemis na sayarwa. In babu, ledar ruwa biyu lita ɗaya ce: a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri, a riƙa kurɓa ko da ana amai. Jariri a ci gaba da ba shi mama, yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Haɗiyar Flagyl da sauran magunguna barkatai ba ta mayar da ruwan da ya zube. Idan bayan gida ya koma tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini, ko ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, tafiya ta ƙare a nan: a sauka a gari mafi kusa mai asibiti, kaya sa biyo baya. Masu ciwon suga da hawan jini su riƙe magungunansu a aljihu, kada su bari a ɗaure su cikin kaya a but, mai suga kuma ya ajiye dabino kusa saboda jinkirin zango.

Wata cutar ba ta nuna kanta a hanya. Taifot takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin zazzaɓinta ya fito, lokacin ɗan kasuwa ya riga ya koma Shinkafi ko Gurbin Bore, ya manta da kunun da ya sha a Makwa. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan doguwar tafiya na buƙatar gwaji a asibiti, kuma a gaya wa likita ranar da aka yi tafiyar da garuruwan da aka sauka.