Gudu Iri Ɗaya Ba Ya Ƙara Sauri

Duk wanda ya leƙa filin wasanmu da la'asar, abu guda zai gani kullum: yara suna zagaya fili a jere, yau zagaye goma, gobe zagaye goma, ba ƙari ba ragi. Ni ma haka na yi bara har wata uku cur, ina tsammanin na gama shiri. Da ranar gasar gidaje ta zo, a tseren mita 1,500, ina ji ina gani mutum huɗu suka wuce ni a zagayen ƙarshe. Numfashi da saura, amma ƙafa ta ƙi. Kunyar da na sha ran nan ita ta sa na shiga bincike, kuma abin da na gano nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai.

Jikin ɗan'adam yana da saurin sabo. In ka ɗora masa aikin da ya ɗara wanda ya saba, sai ya ƙara ƙarfi don ya iya ɗauka. In kuwa aikin bai sake ba, to shi ma ba zai sake ba. Saboda haka tilas mai son sauri ya riƙa sauya salon gudunsa cikin mako.

Salon da ya fi taimaka wa irina shi ne gudun zango-zango. Wato ka sheƙa da ƙarfi zagaye ɗaya, mita 400 ke nan, ka huta minti biyu kana sassarfa, sa'an nan ka sake. Wannan yana koya wa tsoka jure zafin nan da kan kama cinya idan gudu ya yi tsanani. Da irinsa ne Roger Bannister, wani ɗalibin likita a Ingila, ya yi shiri. Ba shi da lokaci sai na hutun cin abincin rana, amma yakan yi zagaye goma, yana ta rage lokacin har kowane zagaye ya koma kusan minti ɗaya. A ranar 6 ga Mayu, 1954, ya zama mutum na farko da ya gama mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu. To, kada wani ya ce karatu ne ya hana shi! Haka nan Emil Zatopek na tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya, wanda ya cinye mita 5,000 da 10,000 da gudun famfalaki duk a wasannin Olamfik na 1952, da wannan salo ya shahara. Mu dai ƙanana, zagaye huɗu ya ishe mu a farko.

Amma fa sauri ba ya zama sai a kan tushe, tushen kuwa shi ne dogon gudu a hankali, yadda za ka iya hira da abokinka ba tare da haki ba. Shi ke ƙarfafa zuciya, ya ƙara yawan ƙananan hanyoyin jini da ke kai wa tsoka iska. Peter Snell na ƙasar Niyu Zilan gwanin mita 800 ne, ya ci zinariya a 1960 da 1964, amma kocinsa Arthur Lydiard yakan sa shi gudun fiye da mil ashirin a ƙarshen mako, da hawan tuddai.

Akwai kuma wani salo da mutanen Suwidin suka ƙago wajen shekarun 1930, suna kiransa “fartlek”, wato wasa da sauri. Shi na fi so, don ba ya bukatar agogo. Ka fita bayan gari, ka ce daga nan zuwa kukar can zan sheƙa, daga can zuwa rijiya zan yi sassarfa. In ka sami tudu ko rairayin rafi, ka haɗa da shi.

Inda da yawanmu ke kuskure shi ne hutu. Tsoka ba ta gyaruwa a lokacin gudu, sai bayan an ci an yi barci. Kada ka jera gudu mai tsanani kwana biyu. In ka yi zango-zango ran Litinin, Talata ka yi mai sauƙi, Laraba wasa da sauri, ka bar dogon gudu sai Asabar, Lahadi ka huta sarai. Wanda ƙaurinsa ke ciwo kuma ya dakata, ya gaya wa malamin wasanni.

Ga iyayenmu kuwa, roƙona kaɗan ne. Idan mun zo hutu, a bar mu mu fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, musamman da bazara, a kuma tuna mana shan ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, gasar bana kuwa saura wata biyu.