Tambaya da Amsa: Hoton Gem Yana Birgima a Talabijin Mai Doro

TAMBAYA: Ina da ɗan shagon gem a ƙauyenmu kusa da Dambatta. Da yamma in yara sun dawo daga gona sai in tayar da janareto su buga. Kwanan nan na sa manhajar MAME a kwamfuta, na sayo kwambatar HDMI zuwa AV a Kano na jona ta da tsohuwar talabijin mai doro. Hoto ya fito baƙi da fari, yana ta birgima, wani lokacin ya ɗauke. Gem ɗin Asteroids kuma layukansa dishi-dishi. Wani ya ce sai na nemo fanel ɗin bekta. Ina mafita?

AMSA: Riƙe kuɗinka tukuna. Matsala biyu ka haɗa: ɗaya ta gyara ce, ɗayar kuma ba lalacewa ba ce.

Fara da launi. Asteroids, wanda kamfanin Atari ya fitar a 1979, dama baƙi da fari ne, don haka ba a gwaji da shi. Buɗe Pac-Man. In shi ma ba launi, duba gefen kwambatar, za ka ga ɗan makunni mai rubutun PAL da NTSC. Najeriya PAL take amfani da shi, layi 625, hoto yana sabuntawa sau 50 a daƙiƙa. NTSC na Amurka ne, layi 525, sau 60. In kwambata tana aiko da NTSC, talabijin kuma PAL kaɗai ta iya, sai launi ya gudu, hoto ya dinga hawa sama. Mayar da makunnin kan PAL, ka kashe ka sake kunnawa.

Ɗaukewar hoto kuwa galibi yunwar wuta ce. Kwambata tana son bolt 5 ta ramin USB, amma da yawa sukan bar ta tana tsotsa daga wayar HDMI. Ba ta cajar waya mai kyau tata ta kanta. Sannan duba wayar AV mai kai ruwan ɗorawa, ita ce ta hoto. Fara da ja na sauti ne. Ƙurar hunturu da tsatsa sukan hana ta kamawa, ka goge bakin, ka ɗan matse shi. In hoto yana tsukewa duk lokacin da janareto ya yi nishi, rage masa kaya ko ka sa sitabilaiza. Abu ɗaya za ka dinga canzawa kana gwadawa, in ba haka ba ko ta gyaru ba za ka san mai laifin ba.

Sai batun bekta. Talabijin ɗinka tana cika fuskarta ne layi bayan layi, yadda kake bin kunya-kunya ranar shuka. Injin Asteroids na asali ba haka yake ba: haskensa yana tafiya kai tsaye daga wannan ɗigo zuwa wancan, kamar mai zane da alƙalami, shi ya sa layukansa suke da kaifi da ƙyalli. Aikin fanel ɗin bekta shi ne mayar da lissafin kwamfuta ya zama wutar da ke jan hasken hagu da dama, sama da ƙasa. Sai da allo irin na bekta yake aiki, ramin AV bai san yarensa ba. Maganinka yana cikin MAME: danna Tab, ka shiga wurin saiti, ka ƙara kaurin layi. Ba zai kai na asali ba, amma yara za su gani sarai.

Kada kuma ka kwance bayan talabijin. Kwalbar talabijin mai launi tana aiki da bolt wajen 25,000, kuma takan riƙe wuta ko an zare soket. In duk wannan bai yi ba, ɗaure ta a babur ranar kasuwa ka kai wa mai gyaran talabijin, kada a yi gyaran gangar Abzinawa. Allah ya ba da kasuwa.